Baƙar Giwa Ta Ƙi Miƙewa

Da hantsi Hedimasta ya gama ɗaura takalman birki, ya sauke Baƙar Giwa daga kan ƙarafan da ta yi makonni a kansu, ya goge hannu, ya shiga ya murɗa makulli. Inji ya tashi lafiya lau. Amma motar ba ta miƙe ba.

Baƙar Giwa tsohuwar jif ce irin ta manya, a gwanjo ya saye ta shekarar da ya ajiye alli. Irinta ba ta da sifirin. A kan jakunkunan iska huɗu take zaune, da wani famfo a but, ƙarƙashin safaya taya, mai hura su. In an tayar da inji famfon kan yi gurnani, sai ka ga motar tana ɗagowa a hankali kamar dattijon da ya gama hutawa. Ran nan famfon ya yi nishi ɗaya, wani abu ya ce tas, sai shiru. Giwa ta zauna durƙushe, cikinta na neman taɓa siminti.

Hedimasta ya buɗe but, ya ɗaga taya, ya leƙa. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana duba littattafan yara da jan biro, kuma hali zanen dutse ne: duk abin da ya taɓa kwancewa a motar nan ya mayar, sai ya ɗiga masa jan fenti. Famfon da ke gabansa ba shi da ɗigo. Ya sa tabarau ya sake dubawa. Ba nasa ba ne. An cire lafiyayye, an dasa masa matacce.

Ihunsa ya fito da 'yarsa Auta daga kicin, mijinta na biye da ita. Daga tsallaken titi Injiniya ma ya taho, abokin Hedimasta na shekara da shekaru, wanda ya yi aikin gidan ruwa har ya yi ritaya. Shi ma yana da irin motar sak, fara, ana ce mata Farar Giwa, sai dai tasa ta daɗe kulle a gareji ba ta fita. Su biyun nan ba sa kai mota wurin bakanike. Duk ƙarshen mako a ƙarƙashin ƙarfe za ka same su, sifanar wannan ta wancan ce.

Hedimasta bai dubi kowa ba sai surukinsa. Surukin nan tsofaffin kayan mota yake sayarwa a kasuwa, kuma tun da ruwa ya ci gidan hayarsu suke zaune a ɗakunan baya, shi da Auta da jaririyarsu. Dama can Hedimasta bai taɓa ƙaunar sana'ar ba. Yakan ce kasuwar da ake sayar da hannun mota daban, ƙafarta daban, ba a rasa ɓarawo a cikinta.

"Na ba ka ɗaki, shi ne za ka saka mini da sata?"

"Baba, wallahi ni..."

"Kada ka ƙara ce mini Baba. Kafin rana ta faɗi famfona ya dawo. In bai dawo ba sai caji ofis, kuma kayanka a waje. Ke kuwa," ya juya ga Auta, "ki zaɓa, ko gidan ubanki ko bin ɓarawo."

Injiniya ya buɗe baki kamar mai shirin doguwar magana. Abin da ya fito kawai shi ne, "Malam, a dai bi a hankali." Ya tsaya jim, sannan ya juya ya koma gidansa.

Auta ta goya 'yarta ta nufi gidan Saje a ƙarshen layi. Saje tsohon ɗan sanda ne da ya koma kiwon kaji. Bai san komai a mota ba, keke ne iyakarsa. Amma ya san mutane, ya kuma san cewa magana zarar bunu ce, in Hedimasta ya kai surukinsa caji ofis, ko an sake shi gobe auren nan ya sami tabon da ba ya gogewa. Ya rufe ɗakin kajinsa, ya turo kekensa ya biyo ta.

Garejin Hedimasta kamar aji yake. Sifanoni a rataye jikin allo, kowace da zanen siffarta a bayanta, don in ta ɓace a san wadda ta ɓace. Notuna a gwangwanayen madara, kowane da irinsa. Kwali shimfiɗe a ƙasa, inda yake kwanciya in zai shiga ƙarƙashin mota. Saje ya duba ƙofa. Ba a ɓalle ta ba. Ya duba allo. Ba abin da ya ɓata.

"Ina makullin garejin yake zama?"

"Ƙarƙashin wancan gwangwanin fenti, a kan taga ta waje," in ji Hedimasta.

"Wa ya san da shi?"

"Mutanen gida. Ka ga kuwa magana ta ƙare."

"Ba ta fara ba tukuna. Ciro mini abin nan in gani."

Hedimasta ya ɗauko sifana yana gunaguni. Notunan suka biyo hannunsa ba gardama. Saje ya ɗauki guda ya murza a yatsa, yatsan ya yi santsi.

"Kai kake shafa musu giris?"

"Ni? Ban da lokacin wannan iyayin. Karon ƙarshe da na ɗaure su sai da na yi gumi."

Saje ya goge yatsansa a jikin kwali. "Auta ta ce ka ji wani abu ya ce tas. Mene ne?"

"Fiyus ne mana, in wuta ta yi masa yawa sai ya..." Hedimasta ya tsaya. Ya zagaya da sauri, ya buɗe wani ƙaramin akwati a gefen but. A ramin da ke ba famfo wuta akwai fiyus sabo fil, ja, cikinsa ya tsinke ya yi baƙi. "Wannan ba ni na sa ba. Tun bara nawa ya ƙone, mai wayarin ya ɗaura mini wayar tagulla a wurin, ita ke nan har yau. To har da ita aka ɗauke!"

"Wato ɓarawon ya ɗauke maka guntun waya, ya bar maka fiyus sabo."

"Ai buhu-buhu ne a shagon wancan yaron. Me zai gagare shi?"

Saje ya sa fiyus ɗin a aljihu, ya naɗe mataccen famfon a tsumma, ya rungume shi ya nufi ɗakunan baya.

Ya tarar da surukin zaune bakin gado, jaka buɗe a gabansa, bai sa komai a ciki ba. Idanunsa sun yi ja.

"Kai ka ɗauka?"

"A'a, Baba Saje."

"Ka san inda makulli yake?"

"Na sani. Ban taɓa shiga ba sai in shi ya kira ni in riƙe masa fitila."

"Nawa ne darajar famfon a kasuwarku?"

"Ba maganar daraja ba ce, babu shi ne. An daina kawo su. Wanda ke da lafiyayye ba ya sayarwa."

"Ka ga kuwa abin sata ke nan."

Surukin ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Baba Saje, ka tambaye shi wa ya kawo masa takalman birkin nan. Ya yi odarsu daga nesa, aka ce masa sai ƙarshen wata. Kowa a layin nan ya ji yana mita, cewa Giwa za ta yi ta zama a kan ƙarfe har ƙarshen wata. Ni na bi abokan sana'a ɗaya bayan ɗaya har na samo masa, jiya na kawo. Na ce ko ya sake mini fuska sau ɗaya. In ni na cire famfo, zan kawo abin da zai sa a sauke motar yau a gane?"

Saje ya jinjina kai. Ya warware tsumman. "Duba mini wannan. Daga kasuwarku ya fito?"

Surukin ya juya shi, ya kai shi bakin taga. "A'a. Kayanmu daga motocin da aka farfasa suke zuwa, da datti, da rubutun fenti ruwan ɗorawa a jiki. Kuma ba mai buɗe famfo a kasuwa, in ya mutu ya mutu. Dubi kawunan kusoshin nan, sun cinye don yawan kwancewa. Dubi wannan." Ya nuna wani zobe da ya ɗan leƙo ta gefen murfi. "Na kamfani roba ne. Wannan fata ce, da hannu aka yanka ta. Wani ya yi jinyar abin nan shekara da shekaru, kamar uwa da ɗa, kafin ya mutu masa."

"Kada ka sa komai a jakar nan," in ji Saje. "Kuma kada ka fita."

Daga nan ya hau kekensa sai rumfar mai wayarin, wanda Hedimasta kan kira in abin wuta ya fi ƙarfinsa. Kwanan baya ya zo gidan ya gyara gilashin ƙofar Giwa, suka rabu baram-baram. Saje ya same shi rabin jikinsa cikin wata tasi, ƙafafu a waje.

"Ka shiga but ɗin Giwa ranar da ka je?"

Mai wayarin ya fito yana dariya. "Ni? Saje, ka taɓa aiki Hedimasta na tsaye a kanka? Ko atishawa na yi sai ya tambayi dalili. Da na gama har bakin titi ya rako ni, ba don girmamawa ba, don ya ga hannuna."

"Ka san inda makullin gareji yake?"

"A wuyansa nake zato."

Saje ya fito da fiyus ɗin. "Naka ne?"

Mai wayarin ya karɓa da yatsa biyu kamar an miƙa masa ɓera. "Allah ya sawwaƙe. Dubi nan." Ya buɗe akwatin wutar tasin da yake gyara. Rabin ramukan wayar tagulla ce a nannaɗe. Ya nuna rediyon rumfarsa, ya nuna fankarsa, duk haka. "Fiyus yau ya ƙone, gobe ya ƙone, mai mota ya dawo yana zagina. Waya kuwa har abada. Ni rabona da sayen fiyus tun ina ɗan koyo."

"To faɗa mini wani abu, ni jahilin mota ne. A ce famfo ya mutu, ya cije ba ya juyawa. A ce wayarka ce a wurin, ba fiyus ba. Aka tayar da inji. Me zai faru?"

Dariyar mai wayarin ta ragu. Ya sosa ƙeya. "To, gaskiya... wuta za ta yi ta tafiya ba mai tsayar da ita. Wayoyi su yi zafi, roba ta narke. A but kuwa akwai kafet, ga tankin mai a kusa." Ya dawo wa Saje da fiyus ɗin, wannan karon da ladabi. "Wanda ya sa wannan, shi ya hana Giwa kamawa da wuta. Kada dai ka faɗa wa tsofaffin nan na ce haka. Ɗaya na tsaye a kaina kamar mai gadin jarrabawa, ɗayan kuma duk inda ya gan ni sai wa'azi, wai ni da wayata sai mun ƙona gari. Har fiyus yake yawo da su a aljihun riga kamar alewa."

Saje ya yi sallama. Bai hau keken ba, tura shi ya yi, yana tafe yana tunani. Ya yi shekaru yana bin sawun ɓarayi, ya ga mai fasa ƙofa, ya ga mai yanke waya da wuƙa don sauri. Bai taɓa ganin wanda ya tsaya shafa giris ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ya sami Auta a kicin tana wanke kwanonin da ta riga ta wanke.

"'Yata, tun da aka ɗora motar nan kan ƙarfe, yaushe babanki ya bar gida ya daɗe?"

"Sau ɗaya ne, ranar da ya je asibitin ido. Da safe ya fita, sai yamma."

"Mijinki fa?"

"Yana kasuwa."

"Wa ya shigo gidan ranar?"

"Babu kowa."

"Ki tuna da kyau. Mai kwasar shara, mai kawo ruwa, maƙwabciya."

"Wallahi babu baƙon da ya shigo."

"Ban ce baƙo ba. Na ce wa ya shigo."

Ta ajiye kwanon. "To, ban da Baba Injiniya. Ya zo maido jak ɗin ɗaga mota. Amma ai shi ba a lissafa shi, kullum yana nan. Ni ma ban fito ba, ta taga muka gaisa."

"Jak ɗin a hannu yake?"

"A buhu."

"Da zai fita fa?"

A hankali Auta ta ce, "Da buhun ya fita." Ta dafe baki. "A'a, Baba Saje. Shi ya fara koya mini tuƙi. A cinyarsa na girma."

"Na sani. Kira mini babanki da mijinki."

Hedimasta ya ƙi tafiya kusa da surukinsa, sai ya yi gaba, surukin na baya, Saje a tsakiya kamar katanga. Suka tsallaka titi. Garejin Injiniya a rufe yake. Saje ya nuna ƙasa: sawun taya, faffaɗa, ya fito ya koma, bai daɗe ba.

"Malam, yaushe rabon Farar Giwa da fita?"

"Tun watannin baya. Famfonta ya..." Hedimasta bai ƙarasa ba.

"Durƙusa ka leƙa ta ƙarƙashin ƙofa. Gwiwata ba ta yarda."

Hedimasta ya durƙusa. Ya daɗe a haka. Haske na wucewa sarai ta ƙarƙashin cikin motar. Farar Giwa na tsaye cak a kan ƙafafunta.

Ba su ƙwanƙwasa ba. Injiniya da kansa ya buɗe ƙofar gefe, sifana a hannunsa. Bayansa but ɗin motar a buɗe yake, safaya taya jingine da bango. A can ƙasa, jikin famfo, ɗigon jan fenti.

"Cire shi nake yi," ya ce. "Na yi niyyar in kawo kafin rana ta faɗi."

"Ka kawo ka ce me?" in ji Saje. "Ka ce a bola ka tsinta? Ko ka ajiye a ƙofar ɗakin yaron nan, a ce tsoro ya sa ya maido?"

Injiniya ya sunkuyar da kai.

Hedimasta ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Kai? Kai da muka sauke injin nan tare? Saje, ta yaya?"

"Ba wuya, in mutum bai riga ya yanke hukunci ba," in ji Saje. "Ƙofa ba a fasa ba, wato wanda ya san gwangwani ne. Kai ka ce mutanen gida, ka manta akwai wanda ya zama ɗan gida har ba a ganinsa. Mai wayarin bai san makulli ba, kuma ba ya taɓa fiyus ko da kyauta. Surukinka kuwa shi ya gaggauta sauke motar, ɓarawo ba ya haska wa kansa fitila. Sai mataccen famfon: ba na kasuwa ba ne, na wanda ya yi ta jinyarsa ne da hannu har da yankan fata. Mutum nawa ne a nan ke da irin motar, ke kuma buɗe cikinta da kansa? Amma abin da ya kama shi ba satar ba ce, gyaran ne. Ya ɗaure noti, hannunsa ya ƙi sai da giris, don haka ya saba. Ya zo akwatin wuta ya ga wayar nan da ya daɗe yana maka faɗa a kanta. Ya san ya dasa maka famfon da ya cije. Ya san in ka murɗa makulli da wayar a wurin, motar za ta kama, wataƙila kana ciki. Da ya mayar da wayar yadda ya same ta, da ban da abin riƙewa sosai. Ya kasa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro fiyus. Mai hali ba ya fasa halinsa ko a wurin sata."

Daga cikin gida muryar matar Injiniya, mai rauni, ta kira, "Baban yara, su wane ne?"

"Malam ne," in ji Injiniya. "Ki kwanta." Ya jawo ƙofar cikin gida ya rufe. Sannan ya yi magana, ba tare da ya ɗago ba. "Ciwon bayanta ne. Likita ya ce sai babban asibiti, can nesa, kuma ka san hanyar. Na sa ta a tasi sau ɗaya. Duk ramin da muka faɗa sai ta ciji mayafinta don kada in ji. Kafin mu kai ta suma. Motar nan kaɗai ke wucewa kan rami kamar kan katifa. Na buɗe famfona, na sake buɗewa, ya ƙi. Taka kuwa na kan ƙarfe, ka ce sai ƙarshen wata. Na ce zuwa biyu ne kacal, in kai ta in dawo da ita, in mayar maka ba wanda ya sani. Ɗaya na yi, saura ɗaya."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

Injiniya ya ɗago a karo na farko. "Na fara. Ranar da muke cire taya na ce maka, Malam, da za a ara mini wani abu. Ka ce, a gaban mai wayarin, sifana kana arawa, jak kana arawa, amma abin da ke jikin Giwa ko uwarka ta dawo duniya ba za ta ara ba. Kuka yi dariya. Ni ma na yi."

Hedimasta ya tuna. Maganarsa ce, ya sha faɗarta, yana jin daɗin yadda take fita.

Saje bai bari tausayi ya rufe magana ba. "Girman kai rawanin tsiya ne, kuma ku biyun kowa da nasa. Ɗaya ya fi ƙarfin ya roƙa sau biyu, ɗaya ya fi ƙarfin ya saurara sau ɗaya. Amma Injiniya, ka ji ni da kyau. Famfo ƙarfe ne, ana mayar da shi. Da safen nan kana tsaye aka kira yaron nan ɓarawo a gaban matarsa. Aka ce wa yarinyar da ta girma a cinyarka ta zaɓa tsakanin uba da miji. Ka ce a bi a hankali, ka tafi gida. Ka ji tsoron kada mota ta ƙone, ka sa mata fiyus. Gidan mutum na ci da wuta a gabanka, ba ka sa komai ba. Wannan ce satar da na zo nema."

Sifanar ta suɓuce daga hannun Injiniya ta faɗi kan siminti. Ya juya ga surukin. "Ɗana, ban da bakin da zan..."

"Allah ya ba Mama lafiya," in ji surukin. Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Saje ya dubi Hedimasta. "Kai ne mai kaya. Ka ce caji ofis kafin rana ta faɗi. Ga rana can, ga ɓarawo nan. In kira su?"

Hedimasta ya taka zuwa but ɗin Farar Giwa. Ya tsaya yana kallon ɗigon fentinsa. Noti ɗaya Injiniya ya riga ya sassauta. Ya sunkuya ya ɗauki sifanar daga ƙasa, ya ɗora ta a kan notin, ya ɗaure shi tam.

"Yaushe ne zuwa na biyun?"

"Mako mai zuwa."

"In kun dawo ka kawo mini abina da rana, ta ƙofar gaba, ka yi sallama." Ya ajiye sifanar a kan benci, ba a hannun Injiniya ba. Ya fita bai ƙara kallonsa ba.

Suka tsallaka titi yadda suka zo, sai dai wannan karon Hedimasta ya rage sauri. Auta na tsaye a ƙofar gida da goyonta. Ya wuce ta, ya je bakin tagar gareji, ya ɗaga gwangwanin fenti, ya ɗauki makullin. Ya tsaya yana juya shi a tafin hannu. Mutumin da ya yi shekaru yana gyara kuskuren yara da jan biro bai saba ganin ja a nasa littafin ba, kuma kalmar ta yi masa nauyi a harshe. Amma dattijo ne, ya san wanda ya zubar a bainar jama'a a nan zai kwashe.

"Na zalunce ka," ya ce wa surukinsa, da ƙarfi yadda Auta da Saje za su ji. "Na kira ka da sunan da ba naka ba. Ka yafe mini." Ya miƙa masa makullin. "Daga yau a wurinka zai zauna. Gwangwani ba ya tsare amana."

Surukin ya karɓa da hannu biyu. "Baba..." Ya tsaya, yana jiran a hana shi.

Ba a hana shi ba.

"Gobe in za ka dawo daga kasuwa," in ji Hedimasta, yana kallon Baƙar Giwa a durƙushe, "ka taho mini da fiyus. Mai kyau. Kuma ka zo ka nuna mini yadda ake gane na kirki."

Saje ya ɗauki kekensa. Kaji na jiransa, ba su ci komai ba tun safe.